Ba Mutum Kaɗai Ke Yaƙar Ɗan'uwansa Ba

An daɗe ana cewa dabba ba ta kashe jinsinta sai mutum. Zancen yana da daɗin ji, amma birin cimfanzi ya ƙaryata shi.

A dajin Gombe na Tanzaniya, ba Gomben Najeriya ba, masaniyar birai Jane Goodall da abokan aikinta sun ga garke ɗaya ya rabu biyu, Kasakela da Kahama. Daga 1974 zuwa 1978 mazan Kasakela suka bi na Kahama ɗaya bayan ɗaya har suka ƙarar da su. Ba gaba da gaba ake yi ba. Maza kan jeru shiru suna sintiri a kan iyaka, in sun tarar da ɗaya shi kaɗai sai su yi masa taron dangi, wasu su danne shi, wasu na cizo da duka. In sun ga abokan gaba sun fi su yawa, sai su sulale.

Wasu masana sun ɗora laifin a kan ayabar da masu bincike ke ba biran a lokacin. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2014 ya nuna kisan ya fi bin yawan maza da cunkoso, ba shisshigin mutane ba. Ribarsa ƙarin fili ne da abinci.

Sai dai mai cewa yaƙi gadonmu ne ya yi gaggawa. Bonobo, wani biri mai kama da cimfanzi da ke kudancin kogin Kongo, kusancinsa da mutum ɗaya ne da na cimfanzi, kuma a wannan binciken kisa ɗaya tak aka yi zargi a cikinsu.