Waiwaye: Yadda Masarar Amurka Ta Koma Neman Danginta

A noman 1970 wata cuta ta auka wa gonakin masara a Amurka. Daga jihohin kudu ta faro, iska ta kwashe ta zuwa arewa, ganye ya riƙa ƙonewa tun goyo bai nuna ba. Da aka zo girbi, kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar ƙasar ta salwanta. Abin da ya buɗe wa cutar ƙofa shi ne kusan kashi 85 cikin ɗari na irin da aka shuka uwa ɗaya suka haɗa. Kamfanoni sun rungumi wani nau'i daga Texas wanda furensa na sama ba ya zubar da gari mai rai, don ya hutar da su ɗaukar 'yan ƙwadago masu tsinke fure da hannu. Ashe rauni na tattare da wannan sauƙin. A 1972 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar da rahoto tana gargaɗi cewa manyan amfanin gonar ƙasar sun yi kama da juna fiye da kima.

Yaya aka yi tushen ya ƙuntata haka, alhali masara na cikin tsirran da suka fi yawan dangi? Kusan shekara 9,000 ke nan da mutanen kwarin kogin Balsas a kudancin Meziko suka fitar da ita daga wata ciyawa da ake kira teosinte. Manoma suka bazu da ita, daga bakin teku har ƙololuwar tsaunukan Peru, kowa na zaɓen abin da ya dace da ƙasarsa, har aka samu jinsi sama da 250.

Masarar kasuwa ta Amurka kuwa kusan duk daga jinsi ɗaya ta fito. A 1908 masanin tsirrai George Shull ya nuna cewa idan aka tilasta wa masara ta auri kanta shekara da shekaru, takan tsumbure. Amma da an haɗa tsumburarru biyu da ba dangin juna ba, sai ɗansu ya fi iyayen ƙarfi da yabanya. Shekara goma bayan haka wani masanin, Donald Jones, ya samo dabarar da ta sa irin ya yi arahar da manomi zai iya saya. Henry Wallace ya kafa kamfaninsa na sayar da iri a 1926, wanda daga baya ya zama Pioneer, kuma kafin tsakiyar shekarun 1940 da wuya ka ga gona a jihar Iowa da ba iri mai aure aka shuka ba. Tsoffin irin manoma suka ɓace daga gonaki. Masana suka tsaya kan 'yan gidajen masara kaɗan, musamman Reid da Lancaster, suna aurar da gwani ga gwani. Tsantsar iri biyu (wato masarar da aka yi ta aurar da ita ga kanta), Mo17 na Missouri, wanda ya fito a 1964, da B73 na Iowa na 1972, sun zama kakannin dubban iri. Auren zumunci ne mai riba, kuma ban ga laifin wanda ya bi shi ba, domin amfanin gona ya ninka sau da dama. Sai dai gidan da ba ya karɓar baƙo, duk cutar da ta kama ɗaya ta kama kowa.

Tara irin gargajiya bai taɓa zama babbar matsala ba. Tun shekarun 1940 Gidauniyar Rockefeller ta tallafa aka zagaya ƙauyukan Meziko ana karɓar samfuri, kuma yau rumbun CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya da ke Meziko, na riƙe da kusan 28,000. Wahalar tana wajen amfani da su. Masarar ƙasashen zafi ta saba da gajeren yini. Idan aka kai ta Iowa, inda yinin bazara ke da tsawo, sai ta yi ta miƙewa sama ba fure, sanyi ya riske ta ba ta yi goyo ba. Karan masarar na faɗuwa, kuma halin kirki ɗaya da ake nema yakan zo ɗaure da munana goma. Kamfanin da ke tseren fitar da sabon iri kowace shekara ba zai zuba kuɗi a aikin da sai bayan shekara goma ko fiye zai ga amfaninsa ba.

Wannan giɓin aka fara cikewa a 1987 da shirin LAMP na gwada masarar gargajiya ta Latin Amurka. Pioneer ta ba da dala miliyan ɗaya da rabi, ƙasashe 12 suka gwada samfuri kusan 12,000 a gonaki, aka ware 'yan ɗaruruwa da suka yi fice. Daga nan aka haifi shirin GEM, na shigar da jinin masarar gargajiya cikin irin kasuwa, a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ta Amurka, da cibiyoyi a garuruwan Ames da Raleigh. Tsarinsa ne ya fi burge ni. Kamfani zai aurar da irin gargajiyar ga nasa tsantsar irin da yake ɓoyo, wani kamfanin ya sake aurar da ɗan ga nasa, sai a samu jika mai rubu'in jinin baƙo, wanda zai iya rayuwa a arewa. A Raleigh, inda wani masanin masara mai suna Major Goodman ya daɗe yana wannan fafutuka, sukan bar jinin baƙon ya kai rabi. Abin da ya fito, masu haɗin gwiwa su fara gwadawa, daga baya a sake shi ga kowa. Abokan gasa ne suka yarda su yi aikin gayya, don babu wanda zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai.

Kayan aiki sun sauya tun daga lokacin. Yanzu akan karanta ƙwayoyin gadon tsiro tun yana ƙarami a san wanda ya ɗauko halin da ake so, kuma akwai dabarar samar da tsantsar iri a zuriya biyu maimakon shida ko bakwai. Duk da haka jinin ƙasashen zafi a cikin irin kasuwa na Amurka bai taka kara ya karya ba. A 2015 wata cuta mai yi wa ganye ɗigo-ɗigon baƙi kamar kwalta ta ɓulla a Indiana da Illinois. Manoman Meziko sun fi shekara ɗari da saninta, kuma wajen irinsu da 'ya'yan GEM masana suka nufa neman mai jure mata.