Yasa, dokar Jengis Khan: abin da ta ce kan yanka da ruwa, da abin da aka ɗora mata

Mai bin tafsirin Ibnu Kasir ya san sunan Yasiƙ. A ƙarƙashin aya ta 50 ta Suratul Ma'ida malamin ya kawo ta a matsayin dokar da Tattar, wato Mongolawa, suka gada daga sarkinsu Jengis Khan suka fifita ta a kan Shari'a. Su Mongolawa Yasa suke ce mata. A 'yan kwanakin nan ana ta yawo da jerin dokokinta a Facebook, an yi musu lamba ɗaya bayan ɗaya, kuma mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa doka ce da aka tsara musamman don kashe duk Musulmin da ya yi alwala ko ya yanka rago. Wasu kuma, galibi 'yan boko, na cewa ita ce kundin tsarin mulki na farko da ya ba da 'yancin addini. Kowane ɓangare yana magana kamar littafin na hannunsa.

Littafin ba ya hannun kowa. Babu cikakken kwafin Yasa da ya iso gare mu, har ma a cikin masana akwai masu shakkar an taɓa tattara ta a kundi guda. A shekarar 1206 aka naɗa Temujin sarautar Jengis Khan a bakin kogin Onon, ya sa ɗan riƙon gidansa Shigi Kutuku ya zama babban alƙali yana rubuta hukunce-hukunce. Abin da muke karantawa yau tsintar gutsattsari ne daga marubutan da suka zo daga baya. Babbansu Juwaini, Bafarishen da ya yi wa Mongolawa aiki har ya mulki Bagadaza a madadinsu. Jerin da ake yaɗawa kuwa yawancinsa daga masanin tarihi Maƙrizi ne, wanda ya rasu a Alƙahira a 1442, fiye da shekara ɗari biyu bayan mutuwar Jengis Khan a 1227, a ƙasar da ta daɗe tana gaba da Mongolawa. Shi ma Ibnu Kasir mutumin Sham ne, kuma ɗalibin Ibnu Taimiyya, wanda ya yi fatawar yaƙar Ghazan, sarkin Mongolawa na Farisa, duk da ya musulunta a 1295.

Wa dokar ta shafa? Da farko gidan sarauta da runduna. Garuruwan da aka ci da yaƙi galibi an bar musu alƙalansu a kan aure da gado da ciniki.

Batun yanka gaskiya ne, sai dai ba don Musulmi aka ƙirƙiro shi ba. Bamongole ba ya yanka dabba a wuya. Kwantar da tunkiya yake yi a rigingine, ya tsaga ƙirjinta kaɗan, ya zura hannu ya tsinke jijiyar zuciya, jinin ya taru a ciki kada ɗigo ya taɓa ƙasa. Makiyaya a Mongoliya har yau haka suke yi. Camfin zubar da jini ya kai har kan manya, shi ya sa da Hulaku, jikan Jengis Khan, ya ci Bagadaza a 1258, riwaya mafi shahara ta ce a cikin darduma aka naɗe Halifa Musta'asim dawakai suka tattake shi. Na ruwa ma haka ne. Juwaini ya ce a bazara da damina ba a shiga ruwa da rana, ba a wanke hannu a rafi, ba a shanya wanki a fili, domin sun yi imani hakan na jawo tsawa, kuma mutumin da ke kwana a tanti tsakiyar fili ba abin da yake tsoro kamar aradu. Waɗannan al'adu sun girmi haɗuwarsu da Musulmi.

To amma idan aka ɗauki camfin makiyayi aka mayar da shi doka mai hukuncin kisa a Buhara da Samarƙand, wa zai ji a jikinsa? Ai Musulmi ne, ko da niyya ko ba niyya. Cagatai, ɗan Jengis Khan da aka ba yankin, ya matsa sosai, har Juwaini ya ce an yi lokacin da ba mai iya yanka rago a fili a Hurasan, mutane suka koma cin mushe.

Ƙanensa Ogedai, wanda ya gaji sarautar, shi kuma sassauci ya yi. An ruwaito wani Musulmi ya sayi tunkiya ya kulle ƙofar gidansa ya yanka ta da bisimilla, ashe wani Baturke ya hau rufin ɗaki yana leƙensa. Ya diro ya ja shi har gaban sarki. Ogedai ya ce wanda ya ɓuya a gidansa bai karya doka ba, mai hawa rufin mutane shi ya karya, aka kashe ɗan leƙen asirin. Wata rana kuma shi da Cagatai suka tarar da wani yana wanka a rafi. Cagatai ya ce a kashe shi. Ogedai ya sa aka jefa azurfa a ruwan a ɓoye, aka raɗa wa mutumin ya ce kuɗinsa ne suka faɗa yake nema. Labaran yabon sarki ne, a ɗauke su da haka. Ni dai abin da na gani a cikinsu shi ne, ko a hannun sarki mai tausayi sai mutum ya ɓuya ko ya yi ƙarya kafin ya tsira da wuyansa.

A Sin, Kublai Khan, shi ma jikan Jengis Khan, ya farfaɗo da haramcin yankan a 1280, bayan wasu fatake Musulmi sun ƙi cin naman da aka kawo musu daga fadarsa. Masanin tarihi Rashiduddin ya ce fatake suka daina zuwa, kuɗin fito ya ragu, bayan 'yan shekaru aka janye. Baitulmali ne ya ceci yankan.

Sai masu cewa 'yancin addini. Gaskiya ne an yafe wa malaman Musulunci da limaman Kirista da na Buda da na Tao haraji da aikin gayya na dole. Jengis Khan ya ba malamin Tao Cangcun irin wannan takarda a 1223, cocin Rasha ma ta samu tata a 1267. Sharaɗin shi ne su riƙa yi wa sarki addu'ar tsawon rai. Ciniki ne, kuma talakan da ke bin liman salla bai samu ragin ko kwabo ba.

Inda ɓangarorin biyu suka fi ɓata shi ne a ɗaukar cewa mai doka shi ne wayayye, maras doka shi ne ɗan daji. Mongolawa suna da doka, mai tsauri ma. Sojan da ya bar rukuninsa na mutum goma ya koma wani, kisa ne a gaban runduna. Ɓarawon doki ya biya dawaki tara. Manzo ba a taɓa shi, kuma da wannan hujja aka shiga ƙasar Hawarizm a 1219, bayan gwamnan Otrar ya kashe ayarin fatakensu, Sarkin Hawarizm Muhammad kuma ya kashe manzon da aka aiko neman a miƙa gwamnan. Amma kisan Marwa da Naisabur a 1221 ba hargitsin mahaukata ba ne. An fito da mutane bayan gari, an ware masu sana'a, an raba sauran ga sojoji kowa da adadinsa. Alƙaluman marubutan zamanin, sama da miliyan a gari ɗaya, masana na ganin an zuzuta, amma ba mai musun cewa an shafe garuruwan.

A tsarinsu duniya kashi biyu ce, waɗanda suka miƙa wuya da 'yan tawaye, kuma ƙasar da ba ta taɓa ganin Bamongole ba ma a cikin 'yan tawaye take har sai ta kawo gaisuwa. Kariyar doka ta kashin farko ce kawai. Wasiƙar da Guyuk Khan, ɗan Ogedai, ya aika wa Fafaroma a 1246, wadda kwafinta na Farisanci ke ajiye a Batikan, ta umarce shi ya taho da kansa tare da sarakunan Turai su yi mubaya'a, in sun ƙi kuwa za a ɗauke su abokan gaba.