Kafson da ake sha don mura, da ciwon da ya daina jin magani

Da zarar hunturu ya kama a Sakkwato, ƙura ta turnuƙe gari, sai a riƙa tururuwa zuwa kemis, kowa yana cewa a ba shi "ja da yalo" ko amoksisilin guda huɗu saboda mura. A wurin aikina na sha ganin uwa ta ɓare kafso, ta juye garin a cokali, ta dama da ruwa ta ɗura wa yaro mai zawo, alhali abin da ya fi buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc. Mura ƙwayar cuta da ake kira bairos ce ke kawo ta, haka ma mafi yawan zawon yara, su kuwa waɗannan magunguna, da ake kira antibayotik, wata irin ƙwayar cuta daban mai suna bakteriya kaɗai suke kashewa.

Illar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Duk lokacin da aka sha irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, sannan su bi ta hannu da ruwan sha da bayan gida su shiga jikin wasu. Mutane kan ce "jikina ya saba da maganin", amma ƙwayar cutar ce ta saba, shi ya sa jaririn da bai taɓa shan kafso ba, shi ma zai iya kamuwa da ciwon da allura ba ta yi masa komai.

Alexander Fleming, wanda ya gano maganin kashe bakteriya mai suna fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu a duniya sanadiyyar cututtukan da suka bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki shan wannan asara.

Makiyaya da masu kiwon kaji su ma suna ciki, domin wanda ya yi wa saniya allura yau ya tatsi nononta gobe ya kai kasuwa, ya shayar da jama'a ragowar maganin. A tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira.

Kada a sha waɗannan magunguna sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, kuma a sha yadda ya ce har kwanakin su cika, ko da an ji sauƙi. Ragowar na maigida ba na uwargida ba ne, balle na yara. Wanda ake talla a faranti, rana tana dukansa tun safe, a bar wa mai shi kayansa. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci, a kuma kai yara rigakafi a kan lokaci, tunda yaron da rigakafi ya kare daga ciwo irin na haƙarƙari ba zai buƙaci kafso saboda shi ba.