Dokar hana kamun kifi lokacin da yake zuba ƙwai: daga ina ranakun suke fitowa?

A ƙasashe da dama na yankunan zafi akwai dokar da ke rufe kogi ko tafki na wasu watanni a kowace shekara, ta ce wa masunta su rataye koma su jira. A Brazil, a kogunan yankin Parana, haramcin yana farawa 1 ga Nuwamba ya ƙare a ƙarshen Fabrairu. Ƙasashe huɗun da ke kewaye da tafkin Tanganyika, wato Burundi da Kongo da Tanzaniya da Zambiya, sun amince da hutu daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Agusta. Dalilin bai da wuyar ganewa: uwar kifi ɗaya da aka kama da ƙwai a cikinta, an kama dubban kifin baɗi tare da ita.

Irin wannan doka takan zo da wasu sharuɗɗa. Tana ƙayyade faɗin idon raga domin ƙananan kifi su zurare, tana hana kamun kifi da gidan sauro, wanda ba ya barin komai, tana kuma keɓe wuraren da ba a jefa koma ko da an buɗe ruwa. A tafkin Victoria, an taɓa kafa dokar cewa giwan ruwan da za a kama shi ne mai tsawon santimita 50 zuwa 85: ƙarami bai kai ba, babba kuma a bar shi ya hayayyafa.

Sai dai tambayar da masunci ke yi tana da ƙarfi, kuma ya cancanci amsa: wa ya ce a wannan watan kifi ke haihuwa?

Amsar tana hannun mutanen da ke shiga kwale-kwale, sau da yawa cikin dare, su saki wata 'yar raga mai siffar mazurari wadda idonta bai wuce rabin milimita ba. A bakinta akwai na'urar da ke auna yawan ruwan da ya ratsa. Bayan 'yan mintoci a ɗago ta, a juye abin da ta tara a kwalba. Da ido za ka ce laka ce da ɓaraguzan ganye. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ne ake ganin ƙwai garai-garai kamar ɗigon raɓa, da 'ya'yan kifi sababbin ƙyanƙyasa, idanu biyu baƙaƙe da siririn jiki, wasu ma har yanzu da jakar kwanduwa a ciki. A wannan matakin kusan duk kamanninsu ɗaya, shi ya sa yanzu ake gwada ƙwayoyin halittarsu don a san wane ne wane.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gane shekarunsu, ko in ce kwanakinsu. A cikin kunnen kowane ɗan kifi akwai wani ɗan dutse da ke ƙara zobe ɗaya kowace rana. Idan aka ƙirga zobban, aka haɗa da gudun ruwan kogin, sai a lissafa baya a gano ranar da aka ƙyanƙyashe shi da inda uwar ta zuba ƙwai. Da an maimaita wannan mako bayan mako, shekara bayan shekara, ranakun rufewa da iyakokin wuraren da za a kare sun fito.

Wani lokaci binciken yakan nuna cewa dokar ƙasa ɗaya ba za ta isa ba. Wani babban kifi mai gashin baki na kogin Amazon, da ake kira dourada, yana zuba ƙwai kusa da gindin tsaunukan Andes, 'ya'yansa su bi ruwa dubban kilomitoci su girma a bakin teku. Madatsun ruwan da aka gina a kogin Madeira, wani reshen Amazon, sun tare masa hanya. A nan, hana kamun kifi kaɗai ba zai ceci kifin ba.

Kuma ranakun ba ayar Alƙur'ani ba ne. Yawancin kifayen kogi suna bin cikar ruwa ne, ba kalanda ba. Idan damina ta makara, ko madatsa ta canza lokacin da ruwa ke malala cikin fadama, doka na iya rufe kogi kafin kifi ya shirya, ta buɗe shi daidai lokacin da ya fara zuba ƙwai. A ganina duk hukumar da ta daina ƙirga ƙwai ta rasa hujjar tsare masunci.

Sauran magana ita ce ta cikin masunci. Mutumin da abincin gidansa ke cikin ruwa ba zai yi wata huɗu yana kallon kogi ba. Brazil ta yi doka a 2003 da ke biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashi kowane wata muddin ruwa na rufe. Inda babu irin wannan tallafi, koma kan koma ruwa da daddare, a daidai sa'o'in da masu bincike ke ɗago ragarsu cike da ƙwai.