Mece ce laimar ko-ta-kwana, kuma yaushe sojan laima ke jan ta?

Sojan laima da zai diro daga jirgi yana ɗauke da laima biyu. Babbar tana goye a bayansa, ƙaramar kuma tana gabansa, an maƙala ta da ƙugiya biyu a jikin ɗamarar da ke riƙe da shi. Ƙaramar nan ita ce laimar ko-ta-kwana. Ba ta da aiki sai ranar da babbar ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe rabi da rabi.

Babbar laima ba soja ke buɗe ta da hannunsa ba. Akwai igiya mai tsawon kimanin ƙafa 15 da yake maƙalawa a wayar ƙarfe da ta ratsa cikin jirgin. Da ya faɗa ta ƙofa, nauyinsa zai miƙe igiyar, ita kuma ta zaro laimar daga jakarta. Ta ko-ta-kwana kuwa sai ya kai hannu ya fizge mariƙinta da kansa, kuma lokacin da yake da shi ɗan kaɗan ne.

Makarantar sojan laima ta Amurka da ke Fort Benning tana sauke ɗalibanta daga tsayin ƙafa 1,250, wato kusan mita 380. Wanda ya faɗo daga nan ba abin da ya riƙe shi, cikin daƙiƙa tara zuwa goma zai kai ƙasa. Mai sabuwar laimar soja samfurin T-11 ana koya masa ya ƙirga daƙiƙa shida da zarar ya fita. A tsohuwar T-10 huɗu ake ƙirgawa. In ya gama ƙirgen bai ji fizgar laima a kafaɗunsa ba, ba ya tsayawa wani dube-dube, sai ya ja mariƙin nan take. Abin da ya rage masa bai wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba, ita ma ƙaramar laimar sai ta ci wani abu daga ciki kafin ta cika da iska.

A fagen daga ma abin ya fi haka tsanani, domin ana rage tsayin don kada soja ya daɗe a sama abokan gaba na harbinsa. Sojojin Amurka da suka dira a tsibirin Grenada da ke yankin Caribbean a 1983 daga ƙafa 500 suka faɗo. A irin wannan tsayi, in babbar ta ƙi, da wuya ƙaramar ta samu damar buɗewa. Sojojin laima na Birtaniya kuwa sun yi Yaƙin Duniya na Biyu gaba ɗaya da laima guda tak.

Inda hukunci ya fi wuya shi ne in laimar ta buɗe amma da matsala: ta yage, ko wata igiya ta hau ta samanta ta tsuke ta gida biyu. Ma'aunin soja a nan shi ne 'yan uwansa da ke kewaye da shi a sama. In ya ga yana wuce su zuwa ƙasa, ya ja. Murɗewar igiyoyi kaɗai ba ta kai a ja ba: sai ya kama madaurin laimar biyu ta bayan wuyansa, ya ware su, ya riƙa wutsil-wutsil da ƙafa kamar mai tuƙa keke har su warware. Kuma a wannan irin dira ba a yar da babbar laima kafin a buɗe ƙaramar, saɓanin masu dirar wasa. Shi ya sa ƙaramar kan iya sarƙewa da lalatacciyar da ke sama. Don maganin haka ne aka sa wa ƙaramar ta zamani sifirin da ke cilla ta nesa da jiki.

Jan ta ba a kan kari ba ma kisa yake yi. Wani lokaci igiyar buɗe laima ko wani kayan soja kan maƙale, ya zama jirgi na jan sa a waje yana gudun kusan kilomita 240 a awa. In ya buɗe ƙaramar a wannan hali, jirgi na ja gaba, laima na ja baya, jikinsa ne a tsakani. Abin da ake koya masa shi ne ya dafe mariƙin da hannuwansa ya jira a jawo shi ciki. Sai in an yanke igiyar ya ji yana faɗuwa ne zai ja. Ko a cikin jirgin ma, daga lokacin da aka buɗe ƙofa tafin hannunsa na kan mariƙin, domin in mariƙin ya kama wani abu laimar ta fito, iska za ta zuƙe ta waje ta fizgi mai ita, ko da akwai mutane tsakaninsa da ƙofar.