Gigin tsufa da bugun kai: aikin furotin tau a ƙwaƙwalwa

Jama'a, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ko ya fito daga masallacin unguwa ya kasa gane hanyar gida, kada a yi saurin cewa sammu ne ko rigimar tsufa. Sau da yawa ɓarnar tana can cikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa.

Yawancin ƙwayoyin jijiya suna da dogon reshe da suke aika saƙo ta cikinsa. Wanda ya tashi daga gadon baya zuwa yatsan ƙafa yakan kai kusan mita ɗaya. Cikin reshen akwai siraran bututu da ake kira maikrotubul, kaurin kowanne nanomita 25 kacal (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Da furotin tubulin ake gina su: ire-irensa biyu, alfa da beta, su haɗu bibbiyu, su jeru layi 13, layukan su naɗe su zama bututu. A kan bututun nan wani furotin ɗan dako mai suna kinesin ke jan kaya zuwa ƙarshen reshe, wani kuma mai suna dainin ya dawo da abin da ya tsufa. Shi bututun ba ya zama wuri ɗaya, yanzu ya ƙara tsawo, an jima ya warware daga baki, ya sake haɗuwa.

Masu daidaita wannan gini da warwara su ne furotin da ke manne wa bututun. MAP2 ya fi yawa a gajerun rassan da ke karɓar saƙo, tau kuma a dogon reshe. A 1975 aka gano tau a ɗakin binciken Marc Kirschner a Jami'ar Princeton ta Amurka, da aka lura tubulin ba ya haɗuwa da kyau sai da shi. Tau yana kwanciya a jikin bututu ya riƙe tubulin, kamar katakon da ke riƙe ƙarfen layin dogo. Ƙwaƙwalwar baligi tana yin iri shida na tau, wasu da wurin kamu uku, wasu huɗu, kuma masu huɗun sun fi riƙo.

To ina matsalar take? Jiki yana liƙa wa tau sinadarin fosfet don ya saki bututu in an buƙaci gyara, sannan ya cire. Idan fosfet ya yi yawa, sai tau ya saki ya ƙi komawa, ya manne wa ɗan'uwansa su cukurkuɗe. Jigilar kaya ta tsaya, ƙarshen reshe ya ƙeƙashe, daga baya ƙwayar ta mutu. Wannan cukurkuɗaɗɗen zaren ne likita Alois Alzheimer, wanda cutar mantuwa ta Alzheimer ta ci sunansa, ya bayyana a Jamus a 1906, sai a 1986 aka tabbatar tau ne. Yakan fara ne a sashen da ke ajiye sabon abu, shi ya sa Baba zai ba ka labarin yaƙin basasa tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo.

Ba tsufa kaɗai ke kawo haka ba. Bugun kai a kai a kai yana miƙe reshen jijiya har bututun ya tsinke. Dokta Bennet Omalu, ɗan Nijeriya, ya ga tarin tau a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan ƙwallon Amurka Mike Webster a 2002. Wannan gargaɗi ne ga 'yan dambe da 'yan acaba. A sa hular kwano a ɗaure igiyarta. Wanda ya sha naushi ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya suma ko da na daƙiƙa kaɗan ne, kada ya koma fage ranar, a kai shi likita ya duba.

Har yanzu babu maganin da ke warware tau in ya cukurkuɗe, don haka a guji masu tallar maganin mantuwa na sha yanzu magani yanzu. Amma a kai dattijo asibiti da wuri, domin ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo da wasu ƙwayoyin barci suna kawo mantuwar da ake iya gyarawa. A riƙa auna hawan jini da sukari. Ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, ya taho da duk magungunan da yake sha, ya kuma faɗa wa likita watan da aka fara ganin canjin.