Ba kowane sarƙewar numfashi ba ne sanyi, wani ruwa ne ya cika huhu

Jama'a barkanmu da war haka. Yau kan huhu zan yi magana saboda yadda ake kawo mana marasa lafiya sai abu ya riga ya yi nisa, ka tambaya a ce ai sanyi ne ya kama shi mun sayo magani a kemis.

A cikin ruwan jininmu akwai sinadaran furotin, wanda ya fi yawa shi ne albumin, hanta ce ke yin sa kuma aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiya kar ya tsiyaye. Akwai kuma fibirinojin, shi ke sa jini ya daskare idan ka yanke. Duk alheri ne muddin suna cikin jijiya. To amma idan limoniya ta yi tsanani, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko maleriya mai tsanani, ko mutum ya shaƙi hayaƙin gobara, sai bangon ƙananan jijiyoyin huhu ya fara yoyo, ruwa da furotin ɗin su malala cikin 'yan jakunkunan iska, fibirinojin ya daskare a ciki ya yi yaɓe, huhun ya yi nauyi kamar soson da ya sha ruwa, iska na shiga amma oksijin ba ya isa jini. Likitoci na kiran wannan ARDS, tun 1967 aka fara bayaninsa a Amurka. Wannan ruwan fa ba majina ba ce da tari zai fitar, zuma da citta ba sa kai wa wurin.

Iyaye mata dan Allah abu biyu. Ɗura, a toshe wa yaro hanci a zuba masa koko yana kuka, wallahi huhu yake tafiya wani lokacin. Sai yaron da ya sha kananzir a ɗura masa manja wai ya yi amai, aman nan shi ke kai kananzir ɗin huhu, kar a sa shi amai a wuce asibiti kawai.

Ki ɗaga rigar yaro ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko leɓe ya canza launi, ko ya kasa shan nono, ko da tsakar dare ne a tafi. Kuna isa ku ce a sa masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, in ta nuna ƙasa da 90 oksijin yake buƙata, in babu a wurin ku nemi takardar tura ku babban asibiti nan take.